Waƙar Yaye da Aka Sa wa Muryar Namiji

Har gobe ban manta da Larabar nan ta bayan ƙaramar salla ba, ranar da na shiga ɗakin ɗaukar murya ni kaɗai. Ku ƴan amshi da ke tambayata me ya sa nake haɗa waƙoƙina da kaina a waya alhali ga situdiyo, ku karanta wannan. Karatuna bai wuce aji huɗu a lakol ba, ku yi haƙuri da rubutun.

Lokacin shekarata biyu ina amshi a wani situdiyo a garin Agiye. Ga yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. A sama akwai mai situdiyo, namu Maigida Ila muke ce mashi, shi ke zama gaban na'ura. Bayansa sai mawaƙa masu suna, sannan mu ƴan amshi a ƙasa. Ba a ɗaukar waƙa gaba ɗaya. Murya daban, kiɗa daban, amshi daban, daga baya mai na'ura ya yanke ya jera yadda ya ga dama. Kana iya yin waƙa da mutumin da ba ka taɓa gani ba.

A makon nan aka yaye ɗiyata ta fari, aka kai ta Cadakori wajen Inna, uwar maigidana, a kan za ta yi kwana arba'in a maido mani ita. Nono ya cika mani, ga zazzaɓi. Ina share ɗakin situdiyon ina rera abin da ya zo bakina: «Tun da aka raba mu ƙirjina ke ciwo, shimfiɗarka na nan ban naɗe ba.» Da «ka» na yi, kamar da namiji nake, ba da «ki» ba, don ko a waƙa kunya ba ta bari na nuna ita ce. Kun san ƴar fari, ko sunanta ba a kamawa.

Maigida Ila ya ji, ya ce, «Rabi, ajiye tsintsiya ki shiga.» Na yi murna, don ba a taɓa ɗaukata ni kaɗai ba. Da na gama ya ce, «Wa aka yi wa wagga?» Na sunkuyar da kai na ce, «Wani ne can gida.» Ya yi dariya ya ce, «Wanin ga ya iya kamu.» Ya miƙo takarda da Faransanci, ya ce ta rajista ce, na dangwala yatsa.

Bayan sati uku na ji muryata wajen mai cajin waya a tasha. An sa mata kiɗa mai sauri, kuma bayan kowane layi nawa wani namiji na amsawa. Na ce shimfiɗa na nan, ya ce ga shi nan tafe. Na tsaya riƙe da robar tumatir, wani ɗan kabu-kabu na rausaya kai yana bin baitin.

Maigidana bakaniken babur ne, a gareji ya ji ta. Bai yi faɗa ba. Ya ce, «Ni na san ranar da kika yi ta, na san halin da kike ciki. Amma ta riga mu isa Cadakori, Inna ta ce yarinya ba ta dawowa gidan da ake irin wannan. Ki samo ta farko, wadda babu namijin, mu kai mata.»

Na koma wajen Maigida Ila na durƙusa. Na ce, «Don Allah ka sa mani muryata tsirara a katin memuwar na waya.»

Ya ce, «Na goge, na'ura ta cika.»

Na ce, «Maigida, ɗiyata na yi wa.» Ran nan na fara faɗin kalmar a gaban namiji.

Ya ce, «To da na tambaye ki me kika ce mani? Kuma waƙar goyo wa zai saurara? Na ɗauko ki daga shara na sa ana jin ki har ƙetaren iyaka, ko na gode babu.» Ya jawo takardar nan ya nuna mani yatsata, ya ce duk abin da aka ɗauka a ɗakin ga nashi ne.

Ran kasuwar Cadakori muka je. Inna na zaune tana ɓarar wake, yarinyar na jingine da ita. Na gaishe ta, na faɗa mata gaskiya tun daga farko, har na rera mata waƙar a hankali yadda na yi ta. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, «Na yarda ita kika yi wa. To wace uwa mai kunya ke yi wa ƴar fari waƙa duniya ta ji? Na riƙe ta, Rabi. Kya riƙa zuwa.»

Damina biyu ke nan tana can. Ina zuwa duk wata. In na isa takan ruga ta gaya wa Inna wai Anti mai waƙa ta zo.

Ban sake taka situdiyon ba. Wata malamar lakol maƙwabciyarmu ta nuna mani yadda ake ɗaukar murya a waya a jera mata kiɗa. Ina shiga ɗaki in rufe taga da bargo. Wani lokaci kukan akuya na shiga, sautin ba ya kai nasu, masu saurare ma kaɗan ne. Amma abin da na faɗa shi ke fita.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar ga ba mai waƙa ke da magana ba, mai yanka ke da ita. Maigida Ila bai ƙara mani ko kalma ɗaya ba, bai rage ba, wani kawai ya ajiye kusa da ni. Har yau yana gaishe da maigidana a masallaci, kuma na tabbata bai san ya yi mani komai ba. Shi ya sa nake ce maku, kafin ku buɗe baki a ɗakin wani, ku tambayi hannun wa muryar za ta kwana. In ba naku ba ne, ku yi amshinku ku tafi gida, abin da ke cin ranku ku bar shi a ciki.