Ɓauren da Ba Ya Son Aski

Mai Aski bai iya zama ba. Shekara talatin da takwas ya yi a tsaye bayan kujera ɗaya, gaban madubi ɗaya, almakashi na ƙara a hannunsa ko da babu kan kowa a gabansa. Da wannan almakashin ya ciyar da 'ya'ya huɗu. Da gwiwa ta ƙi, ya bar shagon ya dawo gida, sai ya rasa inda zai sa kansa. Ya shiga ɗaki ya fito, ya leƙa kicin, ya buɗe tukunyar da ba a sa shi ba.

Matarsa ta ce, "Malam, ka nemi abin yi kafin ka sa min hawan jini."

Sai ya je wurin wata mai sayar da dashe ya sayo ɗan ɓaure irin na lambu, mai manyan 'ya'ya. Ta ce masa wannan yana riga sauran nuna da wata biyu. Abin da ya ja shi ke nan, don shi da jira ba sa ga maciji. Ya dasa shi a bayan gida, tsakanin katanga da dakalin wankin matarsa, inda rana take daɗewa.

Itacen ya kama, rassa suka miƙe kowanne ya kama gabansa. Mai Aski kuwa ba ya ganin abu buzu-buzu ya wuce. Duk Asabar sai ya daidaita shi gefe da gefe, ya ja da baya, ya karkata kai, ya sake taɓa nan da can. Shekara uku babu itacen da ya kai shi kyan kai a unguwar. Amma ɗa ko ɗaya bai zo da wuri ba. 'Yan kaɗan da ya yi a makare, ruwan sama ya ruɓar da su.

Ana haka famfo ya zama sai ya ga dama. Babban ɗansu ya ce zai sa musu tanki, kuma babu fili sai inda ɓauren yake.

Mai Aski ya koma wurin mai dashe da faɗa, ya nuna mata hoton itacen a waya. Ta duba ta ce, "Baba, wa ya yi masa aski?"

"Ni. Akwai gyara ne?"

"Babu gyara, shi ya sa babu 'ya'ya. Na farkon a jikin reshen bara suke fitowa. Kai kuwa reshe ba ya shekara a gidanka. Ka bar shi shekara guda, ko ganye kar ka taɓa."

Ya roƙi ɗansa shekara ɗaya, ya ce shi zai riƙa ɗebo ruwan daga famfon bakin titi. Ya kuwa ɗebo, bokiti biyu safe da yamma, yana ɗingishi.

Ɗaukar ruwan ba ta dame shi kamar kallon itacen ba. Rassa suka fito ta ko'ina kamar kan wanda ya tashi daga jinya. Ya riƙa zagaya shi hannu a baya, yatsu na motsi su kaɗai. Ya datse tsintsiya, ya datse zaren labule, ya datse shingen maƙwabci har mutumin ya ce, "Na gode, Malam, amma yanzu daga titi ana ganin abin da nake ci."

A wata na sha ɗaya, ƙananan ƙullutu suka ɓullo jikin tsofaffin rassan. Suka kumbura, kore shar, da tauri kamar dutse. Ya tsinke ɗaya ya naɗe a takarda kamar mangwaro. Bai nuna ba, ya yanƙwane. Ɓaure a jikin uwarsa kawai yake nuna.

Ranar da shekara ta cika, ɗan ya iso da magini da buhunan siminti. Magini ya zaro adda. Mai Aski ya tsaya a gaban itacen.

"Baba, alkawari muka yi."

"Kwana goma. Dubi wuyan wannan, ya fara saki."

"Magini yau kaɗai gare shi. Kuma dubi gwiwarka."

Matar Mai Aski tana tsugunne tana matse zani. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ku fasa dakalin nan, ku ɗora tankin a nan."

"Mama, a ina za ki yi wanki?"

"A baho, ƙofar kicin."

"Duk saboda ɓaure?"

"Ina ruwana da ɓaure, abu duk tsaba? Shekara huɗu babanku yana da abin kallo. Kuka sare shi, ni zai dawo ya sa wa ido. Ni kuwa kaina ba na aski ba ne."

Magini ya ajiye adda ya ɗauki guduma. Mai Aski ya sunkuya zai taya ta kwashe kayan wanki, ta ce ya bari kar ya zubar mata da sabulu. Ya yi tsaye, ya je ƙofar kicin, ya dawo. Ƙarshe ya ɗauko tsohon buhu ya tare wa itacen ƙurar siminti.