Ɓawon Gabas da Yamma

Kwanakin baya maƙwabcina ya sa magina su yi wa katangarsa yaɓe. Ina fitowa zan tafi aiki sai warin kwaɓaɓɓiyar laka ya bugi hancina, na tsaya da makullin mota a hannu kamar wadda aka kira daga nesa. Ni malama ce a fannin harhaɗa magunguna, ɓangaren waɗanda ake samu daga tsirrai. Amma tun kafin in san akwai irin wannan karatu an yi mini alkawarin wani gado, kuma labarinsa zan ba ka.

A wani ƙauye muka tashi tsakanin Faskari da Sabuwa, inda gonaki ke ƙarewa daji ya fara. Kakata ta wajen uba ba ta da gona, ba ta da ko akuya. Abin da take da shi wani garin magani ne ja-ja, na atini da zawon yara masu fitar da haƙori. Da damina ta kankama, ruwan rafi ya gurɓace, sai ka ga mata a ƙofar ɗakinta, jarirai sun yi laushi a bayansu. Ta ɗebo da yatsu, ta ce a dama a koko. Har daga Mairuwa da Tafoki ake aikowa. Ba wanda ya san daga wane itace yake, domin sai ta daka ta tankaɗe, ya fita daga kamanninsa. A wurinmu wannan ba rowa ba ce. Haka ake riƙon magani: mutum ɗaya ke sani a gida, shi ma ya faɗa wa mutum ɗaya.

Ni ce aka zaɓa, saboda sunanta aka sa mini. Bayan girbi takan ɗauki gizago da ƙwaryar laka, ta tasa ni gaba kamar za mu itacen girki. Itacen yana gindin wani dutse, shi kaɗai. 'Yan'uwansa suna can tsakiyar daji, inda ƙafar tsohuwa ba ta kaiwa. Sai ta yi bisimilla, ta ɓanɓaro ɓawo kamar faɗin tafin hannu daga gabas, ta zagaya ta ɓanɓaro daga yamma, sannan ta shafe raunin da laka. Kudu da arewa ba ta taɓa su.

"Icce ma rai gare shi," in ji ta. "Kika tuɓe mashi riga duka, da mi za ya sha ruwa? Ran da kika isa, takwara, ke za ki sara. Shi ne gadonki, ba ni da wani."

Na riƙe maganar nan da ƙarfi. Ƙawayena suna taƙama da 'yan tumakin da iyayensu suka ba su kiwo, ni kuwa a raina ina jin na fi su.

Shekarun nan ne kuɗin mai ya shigo ƙasa. Rediyo ta shiga kowane gida, rufin kwano ya fara ƙyalli, samari suka sayi babura. Babban yayanmu ya sami jami'a yana karatun magunguna, gwamnati na ɗauke masa komai. Da ya zo hutu sai ga shi da alluna biyu da tsofaffin jaridu, yana yawo a bayan gari yana tsinkar ganye yana dannewa a tsakani. Mutanen gari suka ce duk bokon nan ashe a ganye ya ƙare, abin da ko mai akuya ya iya.

Sai ya maƙale wa Kaka. Ka san wasan jika da kaka.

"Mijin nawa, ka tahi birni koyon allura, ka komo kana bara wurin tsohuwa?"

"Kaka, ba sayarwa zan yi ba. So nake a san abin da ke ciki, a san iyakar abin da jariri zai iya ɗauka."

Wannan ta shige ta, domin ita ma ta sha ganin yaron da cikinsa ya ɗaure fiye da yadda ake so. Ta yi ta ja, ƙarshe ta kai shi. Ranar na ji haushi ƙwarai, na ƙi cin tuwo, ba kuma wanda ya tambaye ni dalili.

Hutu na gaba ya dawo baki har kunne. Zuwansa ya dace da ranar sunan ɗan baffanmu, zaure cike da baƙi. Nan ya ba da labari: malamansu sun gwada ɓawon, sun ga baurin nan da ke ɗaure baki shi ne ke tsayar da ciki, maganin tsohuwa gaskiya ne. Ya faɗi sunan itacen, ya faɗi dutsen, bai manta da ƙa'idar gabas da yamma ba. Girmama ta yake so a yi, kuma an yi. Dattawa suka shigo har cikin gida suna gaishe ta. Kada in yi mata ƙarya, ta ji daɗi, har sabon zanenta ta ɗaura.

A lokacin, abin da boko ya sa wa hannu ba a musa shi. Maƙwabta suka fara zuwa, kowa ya ɗebi gabas da yamma kamar yadda aka ce. Waɗanda suka biyo baya suka tarar gabas da yamma sun ƙare, sai suka hau sama. Waɗanda ba su iya hawa suka ce ai kudu da arewa ma na Allah ne. Daga ƙarshe masu tallan magani a kasuwa suka zo da akori-kura da buhuna. Ban san wanda ya je da mugun nufi ba. Kowa ɗan kaɗan ya ɗiba, kowa kuma da bisimillarsa.

Da ruwa ya sauka muka je, ni da ita. Ko'ina ya yi kore, itacen kuwa yana tsaye fari fat kamar ƙashi, ba ganye ko ɗaya. Ta zagaya shi da ƙwaryar laka tana neman inda za ta shafa. Sai ta ajiye ƙwaryar.

"Mu tahi gida, takwara."

Da yamma ta miƙa wa Baba gizagon ta ce ya riƙa gyaran ƙota da shi. Yaya da ya ji labari ya zo ya durƙusa yana hawaye. Ta ce, "Tashi. Kai gaskiya ka hwaɗi, ba kai ka sare shi ba." Ba ta sake tayar da zancen ba har ta rasu. Daminar nan kemis ɗin Ƙanƙara mata suka riƙa aikawa. Wasu yaran suka tashi, wasu ba su tashi ba, kamar dai kowace shekara.

Na bi sawun Yaya na yi karatun nan. Yau na san sunan itacen da harshen masana, na san abin da ke cikinsa, na san awon da ya dace da jariri. Ina koyar da shi a fili ga duk wanda ya zauna a ajina, kuma ban taɓa ganin laifin Yaya ba. 'Yan'uwan itacen da ke tsakiyar daji, an ce yanzu sun yi kauri, tunda 'yan bindiga suka mamaye wurin ko mai itacen girki ba ya shiga. Sun sami mai gadi, irin wanda ba a roƙa.

Na kusa shekarun da Kaka take da su ranar da ta yi mini alkawari, kuma ban taɓa sarar ɓawon nan da hannuna ba. Wanda nake nuna wa ɗalibai a kasuwa nake sayo shi, a ƙulle cikin leda, ban san ko an bar wa mai shi kudu da arewa ba.