Ranar da Inna Ta Kira Sunan Yayana

Shekarun baya, ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a jiharmu ba, na rako mahaifiyata daga Mai'adua zuwa Daura a duba mata ido. Lokacin ban jima da gama sakandare ba, ina zuwa darasi a masallacin unguwarmu, ina jin kaina malami. Duk wanda ya kawo min zancen fatalwa sai ya sha wa'azi.

Da muka fito daga asibiti na kama hanyar tasha, sai ta ce, "Auta, kai ni tsohon gidan nan da aka tara kayan mutanen da."

Na san gidan. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango da aka mayar gidan tarihi. Ana cewa wata mata ta taɓa zama a ciki, ɗanta ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba, ta mutu tana jiransa. Wai har yanzu da tsakar rana akan ji ta a ɗakin ƙurya tana niƙa tana waƙa.

"Inna, wanda ya mutu fa ba ya dawowa," na ce.

"Na riga ka sani. Kai ni dai."

Sai na fara gane inda ta dosa. Yayana, ɗanta na fari, ya haura Nijar da niyyar zuwa Libiya ci-rani. Daga Agadas ya aiko da gaisuwa, daga nan shiru, har damina ta zagayo ta sake zagayowa. Inna ba ta taɓa kuka a gabanmu ba. Ko sunansa ba ta kira, saboda kunyar ɗan fari. Sai dai ta ce "yayanku".

Wani dattijo mai kula da gidan ya zagaya da mu, yana nuna takubba da akusa da manyan tukwanen ƙasa. Inna ba ta ko tsaya ba.

"Malam, ina ɗakin mai niƙa?"

Ya yi murmushi. "Hajiya, tun da malamai suka yi mana magana mun daina ba da wannan labari. Amma ɗaki kam ga shi can."

Ɗakin duhu ne da sanyi, sai ƙamshin tsohuwar ƙasa. Muna shiga wani jemage ya taso ya wuce ta gefen kunnena. Ban san lokacin da na yi salati na maƙale a bayan Inna ba, takalmina ɗaya a bakin ƙofa.

"To, malam, ina wa'azin?" in ji ta.

A lungu akwai dutsen niƙa, tsakiyarsa ta lotsa don tsufa. Ta durƙusa a gabansa, ta ɗauki ɗan dutsen ta fara turawa tana jawowa, babu ko ƙwayar gero. Sai ta soma waƙa a hankali, irin wadda take yi da muna yara. Tana tambaya ina ya kwana, wa ya dama masa fura, ko rana ta dake shi a hanya. Can sai na ji ta kira sunan yayana. Sunansa na yanka, wanda tun da na zo duniya ban taɓa ji a bakinta ba. Ta kira, ta sake kira.

A tsakar gida wasu mata baƙi da suka shigo bayanmu suka jiyo waƙar. Sai salati da ƙarar gudu, wata na cewa, "Wallahi ita ce!" Dattijon ya zo da sauri ya leƙo. Da ya ga Inna sai ya sunkuyar da kai, ya koma zaure.

Da ta gama ta share fuska da gefen mayafi. "Mu je kada mota ta cika."

A mota na kasa haƙuri. "Inna, kin ji matar?"

"Ba jin ta na je yi ba, Auta. Wurin da zan kira shi ba a ce min in yi haƙuri ba nake nema."

Yayana bai dawo ba, labarinsa ma bai zo ba. Inna ta rasu ba ta sake ambatar sunansa ba, Allah Ya jiƙanta. Sai da na haifi nawa na gane nauyin abin da ta riƙe a ciki, tana dafa mana tuwo, tana zuwa bikin mutane.

Na taɓa komawa gidan ni kaɗai. Dutsen yana nan a lungunsa. Na zauna kusa da shi tun bayan azahar har aka kira la'asar, ina kasa kunne, ban ji komai ba sai kukan kurciya a kan soro. Har gobe na san mamaci ba ya dawowa. Amma ranar, da a ce wata murya ta taso da waƙar niƙa a ɗakin nan, wallahi ba inda za ni.