Sai Kakin Ya Daskare

Shekarata ta biyu ina karatun digiri na biyu a Doha na fara tara fitilun laba. Kwalba ce doguwa mai ruwa, da dunƙulen kaki irin na kyandir a ciki. In an kunna ƙwan da ke ƙarƙashinta, kakin ya narke ya riƙa hawa yana sauka. Ina da guda uku a ɗakina a unguwar Muntazah, biyu daga ciki na yi zaton tsofaffi ne, daga baya na gano sababbi ne. Tun daga nan na daina saurin yarda da idona.

Ta huɗun na gan ta a wani shagon tsofaffin kaya a kasuwar Suk Wakif, a watan Agusta, bayan la'asar. Gindinta jan ƙarfe ne, ya dushe inda hannu ke yawan taɓawa. Murfin na murɗawa ne, wayar kuma ta bushe har ta yi tauri. Ba zan rantse da shekarunta ba, amma a iya abin da na karanta, ta girme ni nesa. Abin da ya fi muhimmanci, ruwan garau yake.

Matsalar ita ce mai shagon, wani dattijo ɗan Yaman, daga sito ya ɗauko ta, inda babu esi. Da na ɗan karkata ta, sai na ga kakin ya motsa. Zafin gari ya narkar da shi ba tare da wuta ba. In aka jijjiga ta a haka, kakin zai farfashe ya gauraya da ruwan, ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, kuma yawanci ba ya sake washewa.

Muna gama ciniki ya ɗaga hannu ya kira mai baro. Na kalli duwatsun da aka shimfiɗa a lungunan kasuwar, na ce a'a.

“Khalas, shi ke nan, zan naɗe ta da jarida,” in ji shi.

Ni mutum ne da ko abinci aka kawo min ba wanda na nema ba, ci nake in yi godiya. Amma ranar na roƙe shi da guntun Larabcina ya bar ta a tsaye a gaban esi har kakin ya daskare. Ya daɗe yana kallona, sannan ya turo min kujera.

Wanda ya kawo ni wani direba ne Bazazzagi da muke masallaci ɗaya, ya girme ni sosai. Da ya gaji da jira a mota, sai ya biyo ni.

“Malam Bakano, jinya muka zo?”

“Yaya, minti talatin. Wataƙila arba'in.”

Ya sunkuya ya leƙa kwalbar. “Wannan fitilar, ana karatu da haskenta?”

“Ba a yi.”

“Tana korar sauro?”

“A'a.”

“To Allah ya sa ba manja aka sayar maka ba. Da ma an ce Bakano ba a cutarsa a kasuwa, ashe a gida ne kawai.”

Na yi dariya, amma ban tashi ba. Duk bayan ɗan lokaci nakan taɓa kwalbar da bayan hannu, in karkata ta kaɗan. Aka kawo mana shayi. Aka kira magariba, na ce su je salla su dawo, ni zan yi daga baya, don kada wani mai saye ya ɗaga ta. Sai da muka kusa cin awa biyu kakin ya tsaya cak.

Na sa direban ya riga ni zuwa ya sanyaya motar. Na rungume ta a tsaye, ina tafiya kamar mai ɗauke da kwanon miya cike. A hanya duk tudun rage gudu sai na ce, “A hankali, Yaya.” A na uku ya ce in na sake faɗa zai sauke ni a titin Kornish in ƙarasa da ƙafa. Duk da haka bai wuce gudun keke ba.

Kwana guda na bar ta ba ta motsa ba. Na kai gindinta wurin mai gyara ya canza waya, sannan na kunna ta da hantsi. Fiye da awa ɗaya ba abin da ya faru. Can wani jan dunƙule ya ɓalle daga ƙasa ya kama hanyar sama. Na zagaya bayanta na duba ta jikin taga, na dawo na sake dubawa ta gaba. Ta cikin ruwan ina iya karanta rubutun kalandar da ke bango.