Dangin Matar Mai Fenti a Gandun Daji

Duk allon da ke cikin gandun nan, tun daga bakin ƙofa har ƙarshen gadar katakon da ta ratsa fadama, Mai Fenti ne ya zana shi. Gajere ne, kullum da buroshi a bayan kunne, rigarsa kuwa ta fi allunan kala.

Matsalarsa ɗaya, dabba ba ta tsayawa a zana ta. Dorina hanci kawai take nunawa, zalɓe kafin ka buɗe gwangwani ya tashi. Sai ya samo dabara: jiki na dabba, fuska ta surukai. Dorina ta ɗauki kumatun yayan matarsa. Gwaggon biri ya gaji hararar kawunta. Kunkuru kuwa ƙaninta ne sak, ranar da aka tashe shi aiki.

Ya daɗe yana shan dariyarsa shi kaɗai, don matar ba ta taɓa leƙa gandun ba, wai sauro. Kwatsam ta ce za ta raka jikoki ganin tsuntsaye. In ta gane, zaman gidan ya ƙare masa.

Ya bi ta yana tare alluna da jiki. "Maman yara, dubi sama, ga shamuwa!"

"Matsa, Malam, ka tsaya min a gaba kamar katanga."

Ta ƙura wa dorina ido. Can sai ta dafe ƙarfen gada, ta fashe da dariya har agwagin ruwa suka watse. "Wallahi Yaya ne! Har kumatun!"

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana gaishe da danginta. A allon ƙarshe fuskarta ta canza.

"To ni ina nake? Kowa ya samu dabba, ni ce bare?"

Ya yi wuf ya ce, "Ai gauraka na ajiye miki, mai kambi."

"Riƙe tsuntsuwarka." Ta nuna allon kadan da ke bakin tafki, inda baƙi ke karantawa suna ja da baya. "Kada nake so. Shi kaɗai na ga ana jin maganarsa a wurin nan."

Washegari ya ɗauki gwangwani ya nufi tafkin. Masu gadi sun ce tun da aka sabunta allon, ko ɗan yatsa babu wanda ya ƙara tsomawa a ruwan.