Neman Ƙoramar Inna a Fadamar Haɗeja

Ana sallame sallar asuba muka bar Haɗeja, ni da yayata da jakin da muka aro a maƙwabta. Ban daɗe da dawowa daga ƙasar Bama ba, inda Turawa suka kai mu yaƙi. Ina can Inna ta rasu. An nuna mini kabarinta, na yi addu'a, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Abin da nake son gani shi ne wata 'yar ƙorama a fadamar gabas, inda marigayi Baba kan kai mu duk kaka in ruwa ya fara ja. Shi ya shiga kamun kifi, Inna ta hura wuta a gindin giginya, mu yara mu yi ta tsinkar bado. Ƙoramar Inna muke ce mata. Na ƙetare kogunan da ba a hango gaɓarsu a Bama, amma duk ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, ita nake gani.

Hanyar Kirikasamma yanzu hukumar En'e ta zuba mata ƙasa, har motar 'yan gyaɗa na bi. Da guda ta taho tana hayaƙi, jakinmu ya yanke shawarar komawa gida, sai da na bi shi cikin gonar dawa na lallaso shi. Dama da hagu mutane na yankan shinkafa, tsuntsaye sun rufe sama, iska tana kawo ƙamshin danyar laka. Da hantsi muka tsaya wani ƙauye shan fura. Ƙwaryar da na bari anini ta koma kwabo. Bafulatanar ta ce yaƙi ne ya jawo. Na ce ban san shanu ma sun je ba. Ta yi dariya, ta ƙara mana nono.

Daga nan muka sauka fadama muna tambaya. Babu wanda ya taɓa jin sunan. Wani mai yankan shinkafa ya miƙe, ya share gumi ya ce, "Malam, ai kowace ƙorama a nan ta innar wani ce." Sai a lokacin muka gane cewa a gidanmu kaɗai ake kiranta haka. Muka yi ta bin hanyoyin shanu, laka na cire mini takalmi, Yaya a kan jaki tana waige-waige. Ni kam har na fara fid da rai.

Wajen azahar muka tarar da wani tsohon masunci yana ɗinkin koma a bakin ruwa. Yaya ta durƙusa ta gaishe shi, ta kwatanta masa giginya biyu da suka jingina da juna. Ya ajiye komar.

"Na san su, 'yata," in ji shi. "An sare su, an yi azarar barikin Bature da su. Ruwan ma ya sake hanya tun wata babbar ambaliya. Amma ku shigo in kai ku."

Muka bar jakin wurin matarsa, ya tuƙa mu a kwalekwale ta cikin ciyawar burgu, sannan muka taka kaɗan. Ga kututture biyu, ga wani busasshen kwari cike da yashi da sawun shanu. Na tsallake shi da taku guda. Na ce ba nan ba ne, tamu sai Baba ya ɗauke ni a wuya muke hayewa.

"Kai ne ka yi tsawo, soja," in ji Yaya.

Ta zauna a kan kututturen, ta daɗe tana kallon yashin. Can ta faɗa mini abin da ta kasa faɗa a gida. Ta ce da ciwo ya yi tsanani, Inna ta daina gane mutane, sai ta riƙa zaton a nan muke. Takan ɗaga kai ta ce a fito da auta daga ruwa, sanyi zai kama shi. Ni ne autan. Maganar da ta yi ta maimaitawa ke nan har ta cika.

Hawayen da suka ƙi zuwa a maƙabarta suka zo mini a nan. Tsohon ya juya baya, ya shiga tattara itace. Da na natsu ya gasa mana tarwaɗa biyu, muka ci da gishiri kawai, muka yi wa iyayenmu addu'a. Na so in ba shi ladan tuƙi, ya rantse ba zai karɓa ba.

Ana kiran magariba muka shigo Haɗeja, ƙafafuna duk sun yi kanta. Jama'a, ga abin da tafiyar nan ta koya mini. In akwai wurin ƙuruciya da kake marmari, kada ka jinkirta, kuma ka tafi da wanda ya san ka a can tun yana da rai. Da ni kaɗai na je, da kwari kawai zan gani in juyo.