Baba Iliya ya tafi ba mu ba shi haƙuri ba

Labarin ya same ni da safen nan, ina tsaye ina jiran bas a Fordham Road. Baba Iliya ya rasu.

'Yarsa Nadiya ce ta kira ni. Ta ce jiya da yamma yana ba 'yan tumatirinsa na bakin taga ruwa, sai ya ce ƙirjinsa ya riƙe. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Bas biyu suka wuce ni ban shiga ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, sunansa Elias, ni na mayar da shi Iliya, ya kuma amsa. Shekara tara muna aiki a kilinik ɗaya a nan Bronx, ni nas, shi mai ɗiban jini. Bafalasɗine ne daga wani ƙauye kusa da Baitalami. Kirista ne. Na san wasunku sun koma sun sake karanta layin nan. To ku sake, haka yake.

Ban taɓa ganin mai sauƙin hannu irinsa ba. Tsofaffin Hajiyoyin Gana da ke zuwa gwajin suga ba sa yarda kowa ya taɓa su sai shi. Ya koyi "sannu Hajiya" da "kaɗan-kaɗan" a bakina, da su yake lallaɓa su har ya gama ba su sani ba.

Duk shekara yana kawo mini ƙaramar kwalbar man zaitun daga itatuwan yayarsa, Gwaggo Maryam, wadda ita kaɗai ta rage a gidansu na can. Shekarar farko na soya ƙosai da shi, na zo ina ba shi labari da murnata. Ya dafe kai ya zauna. Sati guda yana yi mini tsiya a kan ƙosan nan.

Ranar da aka kai hari ƙauyenmu a gida, ina tsakiyar shift waya ta shigo. Shi ya ja ni ɗakin lab, ya ba ni kujera, ya rufe ƙofa. Bai tambaye ni su wa suka yi ba. Ya ɗauko biro ya ce in faɗa masa sunayen waɗanda aka kashe ɗaya bayan ɗaya, zai kai cocinsu a yi musu addu'a ranar Lahadi.

Bayan wata biyu ya tambaye ni wa ke noma gonar babanmu yanzu. Na ce ba mai iya zuwa wurin. Ya jinjina kai ya ce ya san wannan. A duk New York shi kaɗai ya taɓa tambayata gonar.

Shi ya sa na gayyace shi cocinmu ranar godiyar kaka, sujadarmu ta Hausa da muke yi a wani hol da muke haya a University Heights. Ya zo cikin kwat, ya ci tuwo da miyar kuka da cokali. Wata mama a zumuntar mata ta ja ni gefe ta ce in tambaye shi yaushe ya tuba. Kunya ta kama ni, amma na fassara masa. Ya yi dariya har da hawaye.

"Ki gaya mata ba ni da takarda," ya ce, "amma ina jin tumakin da makiyayan nan suka bari a jeji suka ruga Baitalami daren da aka haifi Yesu, na kakanmu ne."

Kowa ya yi dariya. Aka yi ta hoto da shi. Ranar na koma gida ina jin daɗin mutanena.

Sai maganar zuwa Urushalima ta taso. Mutum goma sha takwas daga cocinmu suka shirya aikin ibada. Kun san yadda muke da tafiyar nan, mutum ya je ya dawo a riƙa sa masa JP, lambar wanda ya je Urushalima, a bayan suna har ranar jana'izarsa. Ni ban samu hutu ba, ban je ba.

A lokacin Isra'ila na shirin zaɓe, irin zaɓen nan nasu da ba ya ƙarewa. 'Yan takara masu ra'ayin riƙau suna rige-rigen wanda zai fi ɗaga murya cewa ba za a taɓa kafa ƙasar Falasɗinu ba, kuma za a ƙara gina gidaje a kan tuddai. A cocinmu ana bin zaɓen nan kamar na ƙaramar hukumarmu. Wasu har da 'yar tuta a gaban mota.

Baba Iliya ya ji labarin tafiyar a bakina. Kwana biyu yana juya abin, sannan ya ce zai roƙi alfarma ɗaya. Tun da 'yan kama-wuri-zauna suka kafa gidaje a tudun da ke saman ƙauyensu, baƙi suka daina zuwa. Gwaggo Maryam ta haura tamanin, ita kaɗai a gida. Yana so mutanenmu su biya ta wurinta ranar da za su je Baitalami.

"Ban ce su yi siyasa ba, Rifkatu. Su ci abinci kawai. In na kan tudu suka ga bas ta tsaya a ƙofarta, za su san tana da mutane."

Na kai shi wurin dattijon da ke jagorantar tafiyar. Ba zan kama suna ba, ya san kansa, kuma na san zai karanta wannan. Ya riƙe hannun Baba Iliya da hannu biyu, ya kira shi ɗan'uwa, ya ce ai wannan albarka ce ta zo musu har gida. Aka sa rana, Alhamis. Baba Iliya ya ba shi ɗan ƙunshi, maganin ciwon gwiwa da rigar sanyi.

Ranar Alhamis ɗin ina break hotuna suka fara shigowa group ɗin coci. Ban ma tsaya karanta abin da aka rubuta a ƙasa ba, na ruga lab ina cewa Baba, ga mutanenmu sun iso.

Hoton mutanenmu ne cikin fararen huluna, kowa da 'yar tuta, sun durƙusa suna dasa inabi a kan wani tudu. Bayansu ga ƙyalle mai fuskar wani ɗan takara. Dattijo ya rubuta cewa sun dasa itace a ƙasa mai tsarki, kuma sun yi addu'a Allah ya ba shugabannin da ba za su yarda a raba ta ba nasara.

Baba Iliya ya sa tabarau. Ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya wuce fuskokin mutane, ya tsaya a kan wata gajeriyar katangar duwatsu da ke bayansu. Ya daɗe yana kallo.

"Babana ya jera duwatsun nan," ya ce. "Daga inda suke, in sun juya, za su ga rufin gidanmu."

Ya miƙo mini wayata. Ya sa safar hannu, ya leƙa ya kira mutum na gaba.

Sauran labarin bai taɓa faɗa mini ba, Nadiya ce ta gaya mini daga baya. Gwaggo Maryam ta kwana biyu tana girki. Ta sa an yanka rago. Ta naɗe shinkafa da nama a ganyen inabi ɗaya bayan ɗaya da yatsun nan nata masu ciwo. Ta aro kujeru a cocinsu. Wajen tsakar rana ta hango bas tana hawa tudu, ta ɗauka ɓatan hanya suka yi, ta fito bakin ƙofa tana kaɗa musu ɗankwali.

Ta zauna har rana ta faɗi. Ko waya ba wanda ya yi mata.

Haba jama'a. Mu da a ƙauyenmu in mace ta dafa maka abinci ka ƙi zuwa, sai dattawa sun shiga maganar. A ina muka koyo wannan?

Mutanenmu suka dawo. Aka yi Lahadin shaida, aka raba ruwan Urdun a 'yan kwalabe, aka tafa wa sababbin JP. Bayan sujada na tare dattijo a bakin ƙofa. Da farko ya ce mai yi musu jagora ne ya ce ba tsaro a wancan gefen. Na ce to waya fa? Sai ya rage murya ya tambaye ni ko na manta abin da suka yi mana a gida.

Na ce su wa? Tsohuwa mai shekara tamanin da gicciye a wuya?

Ya buɗe but ɗin motarsa ya miƙo mini ƙunshin a cikin leda, ko kwance shi ba a yi ba.

Ban manta abin da aka yi mana a gida ba. Ni na binne mutane, ba labari aka ba ni ba. Na san daga inda tsoron nan yake fitowa, shi ya sa da mun ji an ce Balarabe sai mu ga fuskar waɗanda suka ƙone mana gidaje. Amma mu ne fa muka san zafin mutum ya hango gonar ubansa daga nesa ba halin ya taka ta. Mu ne ya kamata mu fara ganewa. Muka tashi tun daga Bronx muka je muka dasa inabi a gonar uban wani, muna waƙa.

Zaɓe ya zo, masu ra'ayin riƙau ɗin nan suka ci. Ranar Lahadi aka ce a miƙe a yi godiya. Amin ɗin da aka yi har tagogi sai da suka amsa. Ni ban miƙe ba, amma ban ce uffan ba. Na zauna ina duba jakata kamar na ɓatar da wani abu. Wannan nawa laifin ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Shekarar ba a bar Gwaggo Maryam ta kai ga sauran itatuwanta ba lokacin tsinkar zaitun. Baba Iliya ya zo yana ba ni haƙuri wai bana ba mai. Shi yake ba ni haƙuri.

Kafin wani ya ruga comment: 'yan'uwana Musulmi, don Allah kada ku zo kuna ai mun faɗa muku, ba ranar ba ce. Kuma kada wanda ya zagi Yahudawa a ƙarƙashin rubutuna. Likitar kilinik ɗinmu Bayahudiya ce, ita na samu da safen nan zaune a kan kujerarsa a lab tana kuka. Da mutanen cocina nake, da waɗanda muke cin Jibin Ubangiji tare.

Ganina da shi na ƙarshe Juma'ar da ta wuce ne. Mun tashi aiki, muka tsaya wurin mai 'ya'yan itace a bakin titi, yana matsa mangwaro ɗaya-ɗaya yana cewa duk ba su nuna ba. Ban san abin da ya taso mini ba, na ce Baba, maganar tafiyar nan, ban taɓa...

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Sojoji ban sa rai da su ba. 'Yan siyasa ma haka, kowa ƙuri'a yake nema. Amma ku, ni da bakina na gaya wa Maryam 'yan'uwa za su zo."

Ya sa mangwaro huɗu a leda ya ce in kai wa yara. Na karɓa na yi godiya. Haƙurin da na fara bayarwa ban ƙarasa ba, na ce sai Litinin.

Allah ya sani zuciyata ta ɓaci. An ci amanar bawan Allahn nan, kuma da hannuna aka ci, ni na kai shi.

Yanzu ga abin da ya sa na yi wannan dogon rubutu.

Kafin Nadiya ta ajiye waya ta ce babanta ya bar takarda a kan yadda yake so a yi jana'izarsa. A ciki ya rubuta cewa matan cocin Rifkatu su zo su yi masa waƙa da Hausa, da tulunsu da kacau-kacau, irin wadda suka yi ranar da ya ziyarce su. Na tambaye ta yaushe ya rubuta. Na so ta ce tun kafin tafiyar ne, da na samu sauƙi.

Ta ce cikin hunturun da ya wuce ne, bayan an je an dawo.

Na sa sanarwa a group ɗin coci tun ƙarfe tara. Ina ganin waɗanda suka karanta. Mutum biyu suka amsa, ɗaya ta ce Allah ya ba da haƙuri, ɗaya ya sa hoton hannu. Cikin goma sha takwas ɗin nan ba wanda ya ce komai.

Jana'iza ranar Asabar ce, ƙarfe goma na safe. Zan ɗaura zanen zumunta in ɗauki tuluna in je, ko ni kaɗai ce. Muryata ba ta da daɗi, duk kun sani, amma zan yi. Mai son adireshi ya same ni a inbox, ba zan bi kowa gida ina roƙo ba.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Iliya, ka ba shi hutawa a wurinka. Ka ta'azantar da Nadiya. Ka tsare Gwaggo Maryam a gidan ubanta, ka ba mutanenta ƙasar da za su kira tasu, ka kawo salama ga duk mai kwana da tsoro a wancan yanki, kowane gefe yake. Mu kuma ka gafarta mana, don mun san abin da muka yi. Amin.

Duk wanda ya karanta, Kirista ko Musulmi, don Allah ya tsaya minti ɗaya ya sa iyalin nan a addu'a.

Matan zumunta, Gwaggo Maryam ba za ta iya zuwa ba, ta waya za ta kalli jana'izar ƙaninta. An riga an gaya mata za mu zo. Mai zuwa ta zo da wuri, kada tsohuwar nan ta sake jiranmu.